Layin da Gwaggo Ta Ja

9 ga Fabrairu

Zuwa ga Gwaggo Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yan ajinki. Ya ƙarfin jiki? Direban motar kamfaninmu, wanda zai miƙa miki wannan, shi ya ba mu labarin wata malama da yake gani a ƙofar makarantar da ke kusa da inda yake sauke kaya, tana tsawata wa yara da hannu don murya ta ƙi fita. Da ya kwatanta tabarau da baƙar jaka, na ce ai Gwaggo ce. Allah Ya ba ki lafiya.

Ni ina nan. Ba zan ce miki lafiya lau ba don kin san ni, ba kuma zan ce ba lafiya ba. Wata uku ke nan da zuwana garin nan, wata biyar da rasuwar Umma. Na san kin yi fushi da na taho ban yi miki sallama ba. Ban yi wa kowa ba. Shekara shida ina juya Umma a gado, ina yi mata wanka, ina ba ta abinci a baki, ranar da aka fita da ita sai na rasa inda zan sa hannuwana. Da wata tsohuwar ƙawata ta ce ana ɗaukar mata a kamfanin kifi a bakin teku, ban ma tambayi irin aikin ba.

Ƙarfe shida muke shiga. Mu sa takalmin roba da safar hannu da hular leda, mu jeru a gaban wani dogon teburin ƙarfe. Kifi yana zuwa ta hagu cikin ƙanƙara, ni nawa in farke ciki in kwashe in tura dama. Wata ta wanke, wata ta jera a kwali, a kai sikeli. Haka har ƙarfe huɗu. Sanyin ɗakin yana kai wa yatsu su daina jin wuƙa. Ba a hira saboda ƙarar inji, kuma in gaya miki gaskiya wannan ya fi komai yi min daɗi a aikin. Idan na koma ɗaki ƙafafuna sun cika takalmi, bayana kamar an ɗora min buhu. Ɗakin ma ba wani ɗaki ba ne, gado ne da kujera ɗaya da taga mai kallon bangon maƙwabta. Sabulu kuwa na gwada kala uku, ƙarnin kifi ya ce yana nan daram.

Kada ki wahalar da kanki da neman wayata. A wurin aiki kulle su ake yi a akwati, a ɗaki kuma ni na kashe ta na jefa ƙasan jaka, don duk kiran Yaya magana ɗaya ce, yaushe za ki dawo. Tunda ke ma an ce ba murya, mu koma takarda. Direban yana biyowa ta wajenku duk bayan mako biyu, ya ce ba zai yi masa nauyi ba.

Ga gwangwanin gishiri nan na haɗo miki, ba don babu a garinku ba, don dai kada takarda ta zo hannu biyu. A layinmu akwai wata dattijuwa, Mai Sikeli muke ce mata don ita ke awo. Ita ta ce in dinga tsoma ƙafa a ruwan ɗumi da gishiri bayan aiki. Na yi, kuma ba laifi, tsamin yana sauka. Ta ce maƙogwaro ma haka ne: rabin ƙaramin cokali a kofin ruwan ɗumi, ki kurkure har can ciki, ki zubar, safe da yamma. Kada ki haɗiye, na san hawan jininki. Ba ta ce zai hana ki zuwa asibiti ba, ni ma ban ce ba.

'Yarki, wadda kike kira Uwata.

21 ga Fabrairu

Uwata,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, gishiri ya iso, ƙarnin kifi ma bai yarda an bar shi a baya ba, sai da na shanya ambulan a igiya. Na gode Allah da na ga rubutunki, duk da har yau ba ki daina cusa layi a gefen takarda ba. Muna nan lafiya, sai gwiwa da maƙogwaro, su kuma mun saba.

Fushi kam na yi. Zumuncinmu sai an zauna an ƙirga da yatsu kafin a gano shi, kakar babanki da kakata ne 'yan ɗaki ɗaya. Amma ni ba da yatsu nake ƙirga ki ba. Sunan mahaifiyata aka sa miki, shi ya sa bakina ba ya iya kiransa, kuma shekara uku kika yi a ɗakina kina sakandare kina shanye min sukari. Wadda ta yi haka ba ta barin gari a ɓoye. Na dai huce.

Likita ya leƙa maƙogwaron ya ce gajiya ce, shekara talatin da ɗaya ina ɗaga murya a kan yara sittin-sittin. Ya ce in yi shiru wata uku. Na rubuta masa a takarda cewa ya zo ya gwada riƙe 'yan aji uku da shiru, ko na rabin awa. Yanzu da alli da ƙaramar ƙararrawa nake koyarwa, in wani ya isa ni sai in tsaya a kansa in zuba masa ido. Na nuna wa likitan maganar gishirinki, ya ce in yi, yana rage raɗaɗi, amma shirun ne maganin. Ina yi safe da yamma a bayan ɗaki, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko agwagwa na saya. Raɗaɗin ya ragu, ki faɗa wa Mai Sikeli na gode.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Yayanki ya zo wurina. Surukarsa ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, sun ɗauko ta sun kwantar a ɗakin Umma, a gadon nan dai da kika sani. Matarsa tana zuwa aiki, shi ma haka. Ya ce in rubuta miki cewa gida ya fi, mace ita kaɗai a garin da ba ta da kowa ba daɗin ji, kuma, a faɗarsa, hannunki ya riga ya saba. Na rubuta masa a bayan littafi cewa saƙo zan isar, ban ce zan goyi baya ba. To na isar. Ni ra'ayina ki zauna inda kike har ƙashinki ya huta. Ina kallo kika ƙare a tsaye cikin shekarun nan shida, ban ce uffan ba, kuma abin yana cin raina.

Sai dai akwai abin da ban gani a takardarki ba. Kin faɗi ƙafa, kin faɗi baya, har sabulu kin faɗa. Ba ki ce kina barci ba, ba ki ce kin yi kuka ba. Ranar rasuwa ma ban ga hawayenki ba, shayi kike ta dafa wa mutane. Ni aikina duba takardun yara, abin da aka tsallake shi idona yake fara gani. Ki ba ni amsa.

Gwaggonki.

8 ga Maris

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da raɗaɗin ya ragu, Allah Ya ƙara sauƙi. Ki daure da shirun, yaran ba za su lalace a wata uku ba. Mai Sikeli ta amsa gaisuwa, ta yi dariyar maganar agwagwa har sai da ta ɓata awon kwali biyu.

Kin tambaya, ga amsa. Kuka bai zo ba. Barci kuwa da farko babu shi, jikina ya saba tashina duk bayan awa biyu in juya wadda ba ta nan. Amma yanzu ina samu, kuma dalilin shi ne abin da ban faɗa miki a takardar farko ba don kada ki ce na haukace. Shiga teku nake yi.

A bayan kamfanin akwai wata 'yar hanya tsakanin sito da shinge, tana gangarawa zuwa inda aka yi doguwar katangar duwatsu don karya ƙarfin ruwa. Cikin katangar ruwan a kwance yake, iyakarsa ƙirji in ba a yi nisa ba. Matan layinmu kusan goma suna zuwa nan bayan tashi daga aiki, da tsofaffin riguna da dogon wando, ba namiji ko ɗaya. Mai Sikeli ce uwar tafiya. Tun Janairu take koya min kwanciya a kan ruwa. Sai ta sa hannu ɗaya a ƙeyata, ɗaya a bayana, ta ce, “Saki jikinki. Ba ke za ki riƙe shi ba.” Mako guda na yi ina sandarewa ina shan ruwa ta hanci, sauran matan suna min dariya. Wata rana ina kwance ina jin hannunta a bayana, na juya ido sai na hango ta can gefe tana gyara ɗankwali da hannu biyu.

Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Kunne yana shiga ruwa, ƙarar injin da ke bi na har ɗaki sai ta ɗauke. Baya ya daina ciwo, ƙafa ta daina nauyi. Ba komai ne daɗi ba: gishirin yana cizon duk inda ƙayar kifi ta taɓa ni, nas ɗin kamfani ma ta ce ranar da yanka yake a buɗe kada in shiga, kuma idan ban ɗauraye na shafa mai ba fatata sai ta yi fari fat. Amma ina fitowa da yunwa, abin da na manta da shi. Ranar nan burodi na saya na cinye a tsaye a bakin hanya kamar marar tarbiyya. Na kuma yi barcin awa biyar a jere.

Gwaggo, idan na kwanta a kansa ba na son fitowa. Wani lokaci ji nake da za a manta da ni a ciki, kowa ya tafi, da na huta gaba ɗaya.

Allah Ya ba surukar Yaya lafiya, da zuciya ɗaya nake faɗa. Amma ba zan iya sake shiga ɗakin nan in ɗaga wani mutum ba. Don Allah kada ki ce masa komai a kaina, ko mai daɗi ko marar daɗi. Ki bar shi ya gaji.

'Yarki.

19 ga Maris

Uwata,

Ina gaishe ki, muna lafiya. Ba zan tsawaita ba, direban yana tsaye a ƙofar aji.

Na karanta takardarki sau huɗu. A karo na huɗu na ɗauki jan biro na ja layi a ƙarƙashin wata jimla, abin da ban taɓa yi wa takardar zumunci ba. Kin ce da za a manta da ke a cikin ruwan, kowa ya tafi, da kin huta gaba ɗaya. Me kike nufi da gaba ɗaya?

Shekara goma sha biyu da suka wuce wata abokiyar aikina ta faɗa min magana irin wannan a ofishin malamai, muna gyaran jarrabawa. Na yi dariya na ce ai duk mun gaji. Ba ta ga ƙarshen zangon ba. Tun ranar na yi wa kaina alkawarin ba zan sake yi wa irin maganar nan dariya ba.

Ki kunna wayarki, ko ba zan iya magana ba zan ji numfashinki. Kada ki sake shiga ruwan sai kin ba ni amsa. Tsoro nake ji, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Gwaggonki.

16 ga Afrilu

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina rubuta gaisuwa ban san ko akwai mai amsawa ba. Jikina da sauƙi, in dai jiki ake tambaya.

Mako huɗu ke nan. Direban bai sake biyowa ba. Sau biyu na je inda yake sauke kaya na tsaya a rana da jakata, wata mota na tarar da wani mutum daban, ya ce shi bai san ki ba, bai kuma san inda wancan yake ba. Wayarki a kashe. Ina shiga aji in rubuta kwanan wata a allo in tsaya ina kallonsa, har yara su fara taɓa juna. Wannan takardar ta gidan waya zan aiko da ita, da sunan kamfaninku.

Akwai abin da na yi, gara ki ji daga hannuna. Ranar Asabar na je gidan Yayanki na ba shi takardarki. Na san kin roƙe ni kada in ce masa komai. Na riƙe alkawarin mako uku, na huɗu ya fi ƙarfina. Na so ya karanta duka, har wurin burodi da barcin awa biyar, amma idonsa a kan jan layin ya sauka, a nan kuma ya tsaya. Ya kira ƙannen babanku biyu a take. Sun yanke cewa Asabar ta farkon watan gobe zai zo da mota ya ɗauko ki, ko kina so ko ba kya so, don a gida ne za a sa miki ido.

Gaskiya hankalin Yayanki ya tashi. Ba zan zalunce shi in ce ba ya son ki ba. Amma da zan fito na leƙa in gaida marar lafiya, sai na ga matarsa har ta shimfiɗa katifa a ƙasa kusa da gadon, daidai inda taki take a da. Na dawo gida ban iya cin abinci ba.

Ban sani ba ko na cece ki ne ko na miƙa ki. Idan kina raye kina karanta wannan, ki yi fushi da ni yadda kike so, zan ɗauka. Ki dai rubuto.

Gwaggonki.

24 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ina raye, ina zuwa aiki, ba abin da ya same ni. Ki ci abinci.

Direban aiki aka yi masa a ciki, mako biyar yana kwance, takardarki tana aljihun rigarsa. Ni kuma ina nan ina tsammanin jarrabawa ce ta riƙe ki. Ta gidan waya ta riga isowa ranar Talata, tasa kuma sai ranar Alhamis da ya dawo aiki, don haka na fara jin hukunci kafin in ji tambaya. A gaban teburi na karanta, da safar hannu. Na farke kifi har ƙarfe huɗu ban san me nake farkewa ba.

Na yi fushi, Gwaggo. Abu ɗaya na roƙe ki. Na zauna na rubuta miki shafi uku cewa kin yi kuskure, daɗin wanka kawai nake faɗa, ku malamai ba kwa ganin takarda sai kun nemo abin ja wa layi. Na karanta sai na yaga, don ƙarya ce, kuma ke ba a yi miki ƙarya ki kasa gani.

Daidai kika karanta. Na gaya miki Mai Sikeli ta fara koya min a Janairu, ban gaya miki yadda muka haɗu a ruwan ba. A Disamba, wata ranar hutu da rana, na sauka ta 'yar hanyar nan ni kaɗai. Ban iya iyo ba, na kuma san ban iya ba. Ban ce miki na yi niyya ba, amma ban damu ko na fito ko ban fito ba, kuma na san wannan ba shi da nisa da niyya. Ita tana kan katanga tana wanke robobi, ban gan ta ba. Ta shigo da kayanta ta kama wuyan rigata ta jawo ni. Ba ta yi min faɗa ba, ba ta tambaye ni komai ba. Washegari ta ajiye sikelinta ta kama hannuna har ɗakin nas, nas ta tura ni wurin likita. Tun lokacin duk mako biyu nake zuwa, muna magana, akwai kuma ƙwayar da nake sha da safe. Ga katin asibitin nan a ciki ki ga ranakun, ki dawo min da shi. Barcin da na ce miki ba na ruwa ne kaɗai ba, na ɓoye rabin labarin.

Wata guda Mai Sikeli ta hana ni ko kallon hanyar. Da ta ga ina ƙara bushewa a ɗaki, ita da kanta ta tambayi likitan, ya ce in dai da mutane, in je. Matan nan suna da doka, ba mai shiga ita kaɗai. Kowa takan ajiye takalmin robarta a kan katanga a jere, kuma ba wadda ke tafiya gida sai kowane takalmi ya samu ƙafa. Ba saboda ni aka kafa dokar ba, ta girme ni a wurin, ban kuma tambayi saboda wa ba.

Kukan da kika tambaya ya zo a farkon watan nan, ina kwance a kan ruwan. Shekara shida ni ke ɗaga mutum, sai ga shi ni ake ɗauke da ni, ban san sanda abin ya ɓalle ba. Mai Sikeli ta juya baya ta shiga hira da sauran har na gama.

Jimlar da kika ja wa layi gaskiya ce gaba ɗaya a Disamba. A Maris da na rubuta ta, saura kaɗan ne a ciki. Yau ya ƙara raguwa, amma ba zan rantse miki ya ƙare ba. Idan aka mayar da ni kan katifar nan, ban san wane wata zan koma ba.

Kin san ni, ba ni da ƙarfin ja da Yaya. In ya zo ya ce shiga mota, shiga zan yi. In kuma ya ji abin da na rubuta miki a nan, ba zai ma jira Asabar ba. Ban san me za ki iya yi ba. Na dai gaji da ɓoyewa, shi ya sa na faɗa miki.

'Yarki.

3 ga Mayu

Uwata,

Wa'alaikumus salam, ko da ba ki yi sallama ba. Alhamdu lillahi da na ga rubutunki. A ƙofar makaranta direban ya miƙo min, ya rame sosai, na zauna a kan dakalin maigadi na karanta, aji ya yi ta kansa. Na ci abinci. Ga katinki nan na dawo da shi, na duba ranakun ɗaya bayan ɗaya, ba ki tsallake ko ɗaya ba.

Motar ba za ta zo ba.

Shekaranjiya da yamma na je gidan Yayanki. Na tarar da shi da matarsa da ƙannen babanku biyu a falo suna shirin tafiya, har an ware wanda zai raka shi. Na ce a ba ni takardar. Da baki na faɗa, ba da biro ba, likita ya yi haƙuri. Na sa tabarau na yi kamar ina sake dubawa, sannan na ce musu ni na karanta ba daidai ba. Na ce kin rubuto, kina lafiya, direba ne ya kwanta asibiti, jimlar kuma daɗin wanka kike faɗa irin na wanda ya wuni a tsaye, ni ce tsufa da tsoro suka sa na ja layi inda ba laifi. Na ce ba abin da ke damunki sai gajiya.

Yayanki ya ce har hutu ya ɗauka a wurin aiki saboda maganata. Ya ce, “Gwaggo, kin tabbata?” Na kalle shi ido cikin ido na ce na tabbata. Ƙaramin baffanku ya kwashe da dariya ya ce shekara talatin ana koyar da karatu, ashe malamar ce ke buƙatar a maimaita mata aji. Babban ya ce a yi min uzuri, shekaru ne. Matar Yayanki ta shiga ciki, na ji tana naɗe katifa. Na ji sun fara maganar neman mai jinya da rana, abin da ya kamata su yi tun farko. Na sa takardar a jaka na fito. Muryar ta sake tafiya, wata ukun ya koma sabo.

Kin san halina. Hedimasta huɗu na yi aiki da su, ba wanda ya taɓa jin na ce na yi kuskure, har a inda na yi. Jiya har maƙwabciyata ta ji labari, ta leƙo tana tambaya ko in ba ta takarduna ta dinga karanta min. Na yi mata murmushi. Ciwon da abin ya yi min bai kai nauyin da na ɗauko ba, don yanzu a duk dangin nan ni kaɗai na san abin da ke cikin jimlar, kuma ni na hana motar zuwa. Na roƙi Allah gafarar ƙaryar, ban dai yi nadama ba.

Ga sharuɗɗana, ba shawara ba ce. Ba za ki tsallake ranar likita ba, ba za ki daina ƙwayar ba sai shi ya ce. Ruwa ki shiga, na janye hanin da na yi, amma da matan nan. Ki rubuto min lambar Mai Sikeli, ki kuma gaya mata akwai wata tsohuwa marar murya da za ta dinga turo mata saƙo. Duk zuwan direba ina son takarda, ko layi ɗaya ne, ranar da ba daɗi ki rubuta ba daɗi. Idan Disamba ta sake leƙo ki, ni za ki fara gaya wa, kuma ranar ba Yayanki zan aika ba, da gwiwar nan tawa zan hau motar kifi.

Na tsaya a gaban mutum huɗu na ce ba abin da ke damunki sai gajiya. Ba na gaggawa, Uwata, ki ɗauki lokacin da kike buƙata. Amma ina nan ina jiran ranar da maganar nan za ta daina zama ƙarya.

Gwaggonki.